Raɗa wa Gurbi Suna: Sarrafa Manhajar Karanta Allo Don Gane Guraben Fom, da Misalai Daga Jega, Aliero da Maiyama

Tsakure

Muƙalar ta duba yadda ake rubuta wa manhajar karanta allo ɗan gajeren umarni domin ta faɗa wa mai lalurar gani sunan gurbin da yake cikewa a fom na intanet. Ta nuna cewa ɓangaren kwamfuta na aikin bai taka kara ya karya ba, kuma nauyinsa ya fi karkata ga zaɓen kalma da furucinta, wanda fage ne na masana Hausa.

1.0 Gabatarwa

Tun da aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a Aliero a 2006, ɗalibin da ya fito daga Jega ko Maiyama ya sami jami'a a kusa da gida. Sai dai kafin ya taka harabarta, dole ya bi ta kan fom: na hukumar JAMB, wadda tun 2021 ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa, sannan na rajista da na biyan kuɗi. Mai gani yakan cike waɗannan da kansa. Makaho kuwa yakan miƙa takardunsa da kalmar sirrinsa ga mai shagon kwamfuta, ya zauna yana jira, bai san abin da aka rubuta da sunansa ba. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a. Amma matakala ba ta amfanar wanda fom ya tare tun daga gida.

2.0 Abin da Manhajar Take Ji

Manhajar karanta allo tana mayar da abin da ke kan kwamfuta zuwa murya. Fitattu biyu a kan Windows su ne JAWS, wadda ta fito a 1995 kuma ake saye, da NVDA, wadda Michael Curran ya fara a Ostareliya a 2006, kuma kyauta ce. Wannan nazari ya fi jingina ga NVDA saboda ita ce ɗalibi zai iya samu ba tare da ya biya ko kwabo ba.

Manhajar ba ta kallon shafi yadda ido yake kallonsa. Abin da burauza ta miƙa mata shi take faɗa, kuma game da kowane gurbi abubuwa uku ake miƙawa: suna, da nau'i, da hali. Suna shi ne kamar "lambar waya". Nau'i shi ne ko gurbin na rubutu ne, ko na zaɓi, ko maɓalli. Hali kuwa shi ne ko an cike shi, ko dole ne a cike shi. Ƙa'idojin WCAG, waɗanda bugunsu na 2.2 ya fito a 2023, sun shardanta ukun a sashe na 4.1.2. Nau'i da hali sukan zo da kansu. Suna ne ke ɓacewa, domin sai mai gina shafi ya ɗaure rubutun da gurbin ta hanyar alamar label, ko aria-label, ko aria-labelledby. Idan ya ajiye rubutun a gefe kawai, ido zai haɗa su, amma manhajar da ke kan Ingilishi za ta ce "edit" ta yi shiru. Fom mai gurabe goma sha biyu sai ya zama "edit" sau goma sha biyu.

3.0 Matakan Rubuta Umarnin

Da farko a gano shaidar gurbin. A NVDA, harafin F yana tsallakawa zuwa gurbi na gaba, E kuma zuwa na rubutu. Idan aka tsaya a kan gurbin da ba shi da suna aka danna maɓallin NVDA tare da F1, manhajar za ta buɗe bayanansa na ciki, inda akan sami lambar shaidarsa, wato id, in mai shafin ya sa masa. Daga nan a tsara jadawali mai layi biyu: shaidar gurbi a hagu, sunan Hausa a dama. Sai a rubuta ɗan umarni da harshen Python, wanda da shi aka gina mafi yawan NVDA, yana cewa: duk lokacin da aka sauka a kan gurbi, a duba adireshin shafin, in shi ne, kuma gurbin ba shi da suna, a nemo shaidarsa a jadawali a faɗi abin da ke gabanta. Masu JAWS suna da nasu harshen umarni, da kuma hanyar liƙa wa gurbi suna ba tare da rubuta komai ba.

Akwai abubuwa biyu da ke buƙatar hattara. NVDA tana ɗaukar kwafin shafi domin karatu, saboda haka sunan da umarni ya ƙara ba lallai ne a ji shi yayin bin kwafin ba. An fi samun tabbas idan ana tafiya da maɓallin Tab. Na biyu ya fi hatsari. Wasu sukan sa umarnin ya yi hasashe, ya ɗauki rubutun da ya fi kusa da gurbi a matsayin sunansa. A Nijeriya lambar waya, da lambar shaidar ɗan ƙasa, da lambar BVN ta banki, kowacce alƙaluma goma sha ɗaya ce. Idan hasashe ya zame da layi ɗaya, fom zai iya karɓar wata a gurbin wata ba tare da ƙorafi ba, ɗalibi kuma ba zai sani ba sai ranar tantancewa. Gurbin da ya yi shiru yakan sa mutum ya tambaya. Wanda aka ba sunan ƙarya ba ya sa shi. Don haka duk sunan da ya fito daga hasashe ya kamata a gabatar da shi da kalmar "wataƙila".

4.0 Matsalar Kalma

Layin dama na jadawalin nan ne wurin da masanin kwamfuta kan kakare. A ɗauki gurbin da Ingilishi ke kira surname. Bahaushe ba shi da sunan zuri'a irin na Turawa. Abin da ke biyo bayan sunan yanka yakan zama na mahaifi, ko na kaka, ko na gari, kuma wannan yanki shaida ne: Farfesa Attahiru Jega, shugaban hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015, da Adamu Aliero, gwamnan Kebbi daga 1999 zuwa 2007, da sunayen garuruwansu aka san su. Idan umarni ya ce "sunan mahaifi", ɗalibin da takardarsa ta sakandare ke ɗauke da Maiyama zai rubuta abin da ya saɓa mata. "Sunan iyali" kuwa, ko da yake ana jin sa a fassarori, yana iya kai tunanin magidanci ga matarsa. Abin da ya fi tsira shi ne suna mai bayyana aiki, kamar "sunan ƙarshe, yadda yake a takardar shaida". Yana da tsawo, kuma mai sauraro zai ji shi duk lokacin da ya wuce ta gurbin, amma tsawon ya fi gyaran suna a ofis sauƙi.

Sunayen nau'o'i ma suna jiran matsaya. "Akwati" ya dace da abin da ido ke gani, sai dai wanda bai taɓa ganin allo ba siffa ba ta gaya masa komai. "Gurbin rubutu", "jerin zaɓi" da "gurbin amincewa" sun fi kusa da abin da hannu zai yi. Kuma da yake kunne ne kaɗai mai karɓar saƙon, bai kamata sunaye biyu su fara da kalmomi iri ɗaya ba. "Lambar waya" da "lambar shaida" sukan rikita mai sauri, wanda kan katse muryar tun a gaɓar farko. "Waya, lamba" da "shaida, lamba" ba su da daɗi a rubuce, amma sun fi amfani a ji.

Sai jerin ƙananan hukumomi. Kebbi tana da 21, kuma a yawancin jerin hukuma Aliero tana zuwa a matsayin Aleiro. Makaho kan buga haruffan farko don tsallakawa, to wanda ya buga "Ali" ba zai same ta ba. Umarni zai iya ƙara gargaɗi a nan. Furuci kuma wata matsala ce: muryar Ingilishi da dokokin Ingilishi take karanta Hausa, kuma ɓ, ɗ da ƙ ba sa cikin haruffanta, balle karin sauti da tsawon wasali waɗanda rubutun boko bai nuna su ba. NVDA tana da ƙamusun furuci inda ake sauya rubutun kalma domin murya ta kusanci daidai. Cike wannan ƙamusu da sunayen garuruwa da na mutane aiki ne na mai ilimin tsarin sauti, kuma da masu lalurar gani na yankin ya kamata a gwada shi, tunda karin harshen yamma suke ji a gida.

5.0 Iyakar Umarnin

Umarnin faci ne a kan rigar wani. Ranar da mai shafi ya sauya shaidar gurabe, jadawalin ya tashi aiki. Ba ya kuma bin ɗalibi zuwa wayar Android, inda TalkBack ke karatu, kuma ba ya warware hoton haruffan da ake sa mutum ya kwafa don tabbatar da cewa shi ba na'ura ba ne. Gyara mai ɗorewa yana hannun masu gina shafi: su ɗaure kowane suna da gurbinsa, su kuma sa alamar harshe ta "ha" a kan rubutun Hausa. Ko a ranar da suka yi haka, jerin sunayen da aka tace shi za su nema, kuma sashen Hausa ne wurin da za su tambaya.