Yadda Ake Tsara wa Asibiti Hanyar Kawar da Shararsa

Idan asibiti ya ɗauko ƙwararre don ya tsara masa yadda zai riƙa yi da shararsa, tambayar da shugaban asibitin yake fara yi ita ce wane injin ƙona shara zai saya, kuma nawa ne kuɗinsa. Mashawarcin da ya san aikinsa ba ya amsa ta a ranar farko. Injin yana can ƙarshen layi, kuma ba a sanin girman wanda za a saya sai an san abin da za a zuba masa.

Aikin yana farawa ne da zagaye, da sassafe, tun masu shara ba su kwashe abin da dare ya tara ba. Mashawarci zai sa safar hannu da takunkumi ya bi ɗakunan kwanciya, ɗakin haihuwa, ɗakin tiyata da ɗakin gwaje-gwaje, yana leƙa kowane kwando. A kwando ɗaya sai ya tarar da ɓawon ayaba, ledar fiya wata, auduga jiƙe da jini da sirinji da allurarsa tsirara. Daga nan ya bi bayan mai baro har inda sharar take ƙarewa, sau da yawa bayan katanga, inda awaki ke kiwo, 'yan jari bola na tsintar robobi, yara kuma na ɗaukar sirinji suna wasan fesa ruwa. Hira mafi amfani ba a ofis ake yin ta ba. Zai tsaya da dattijon da ke tura baron ya ce, "Baba, sannu da aiki. Allura ta taɓa sukan ka?" Amsar da zai samu ba ya ganin ta a rajistar asibitin.

Sai awo. Ana rataye sikeli, a auna sharar kowane sashe kullum na aƙalla mako guda, yadda ranar awon ciki da ranar rigakafi za su shigo ciki, sannan a raba nauyin da yawan gadaje. Dole a tuna da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa ke cika ɗakuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti shara ce irin ta gida, kashi 15 ne kawai ke da haɗari. Amma da zarar an cakuɗa su, duka sun zama masu haɗari, kuma duka za a biya kuɗin ƙona su.

Ɓangaren doka ba ya ɗaukar lokaci. A Najeriya hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke sa ido kan dokokin muhalli, jihohi kuma suna da nasu hukumomin. Littafin jagora na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fito a 1999 aka sabunta shi a 2014, shi ne ma'aunin da aka fi komawa gare shi. Mashawarci yana jera abin da ya gani kusa da abin da ƙa'ida ta ce, giɓin da ke tsakani shi ne aikinsa.

Rarrabewa ce zuciyar tsarin, kuma a gefen gado ake yin ta, da hannun wanda ya yi aikin, a daidai lokacin da ya gama. Baƙar leda ta sharar yau da kullum ce. Rawaya ta duk abin da ya taɓa jini ko ruwan jikin majinyaci ce: auduga, bandeji, safar hannu, robar ƙarin ruwa. Ja, a asibitocin Najeriya, ta abin da haɗarinsa ya fi tsanani ce, kamar kayan ɗakin gwaji da na masu zazzaɓin Lassa. Ruwan ƙasa ta magungunan da suka lalace ce da sinadarai. Allura da reza da fasasshen kwalba kuwa ba sa shiga leda ko kaɗan, sai kwali mai kauri da ba ya hujewa, kuma ba a mayar wa allura murfinta, domin a nan ne ma'aikata suke yawan soke kansu. Leda ko kwali, idan ya kai kashi uku cikin huɗu sai a rufe, a rubuta sashe da kwanan wata.

Wannan duka an san shi, yana manne a bangon asibitoci da yawa. Abin da ke kashe shi ƙananan abubuwa ne. Idan kwalin allura yana can ƙarshen ɗaki, nas mai duba mutum talatin da dare ba za ta taka zuwa can ba, don haka a ɗaure shi jikin teburin da take turawa. Idan ledar rawaya ta ƙare a sito na mako biyu, kowa zai koma wa baƙa, kuma ko ta dawo ba lalle a koma mata ba. Shi ya sa mashawarcin kirki yake zama da mai sito ya lissafa masa ledar wata guda. Haka kuma masu jinya, waɗanda ke kwana a ƙasan gado suna dafa shayi, su ne ke tara kaso mai yawa na baƙar shara, sai an nuna musu kwandonsu da hoto, ba da rubutun Turanci ba.

Akwai batun mabiyiya. A ƙasar Hausa dangi ke karɓar ta su wanke su binne, kuma tsarin da ya yi kunnen uwar shegu da wannan ba zai yi aiki ba. Abin yi shi ne a ba da ita a ƙulle cikin leda biyu idan uwar ba ta ɗauke da cuta mai yaɗuwa, a kuma haƙa rami na musamman mai murfi don wadda ba a karɓa ba.

Ɗaukar shara tana buƙatar baro nata na kanta mai murfi, da lokacin da ba na rabon abinci ba. Ɗakin ajiya ya zama mai siminti, mai ƙofa da kwaɗo. A ƙasa mai zafi shara mai cuta ba ta wuce awa 24 a ajiye a lokacin bazara, ko awa 48 a lokacin sanyi.

Yanzu ne ake maganar inji. Hanya ɗaya ita ce tukunyar turiri, wadda ke dafa sharar a zafin digiri 121 na kamar minti 30. Ba ta hayaƙi, amma tana son wuta da ruwa ba yankewa, kuma sai an riƙa gwada ta da 'yar kwalba mai ɗauke da ƙwayoyin cuta masu taurin kai, a ga ko sun mutu. Ɗaya hanyar ita ce ƙonawa. Injin kirki ɗaki biyu gare shi, na biyun yana ƙona hayaƙin kansa a zafin da bai gaza digiri 850 ba na daƙiƙa biyu. Ƙasa da haka, robobin ƙarin ruwa da na jini suna fitar da gubar dayoksin, wadda yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa a cikin abubuwan da ake yaƙi da su, kuma unguwar da ke bayan asibitin ce za ta shaƙa. Ƙananan asibitocin karkara sukan gina tanderun bulo irin wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar De Montfort ta Ingila. Ya fi rami buɗaɗɗe nesa ba kusa ba, amma sai an ɗumama shi da kyau kafin a zuba shara. A ganina, asibitin da ba ya iya sayen dizal kullum, ba shi kuma da makanike kusa, gara ya haɗa kai da maƙwabtansa a kan inji ɗaya da ya sayi nasa ya bar shi yana tsatsa.

Ma'aunin zafi mai zaiba da gwangwanin feshi ba sa shiga wuta. Toka tana shiga rami mai siminti, nesa da rijiya. Magungunan da suka lalace ana sanar da hukumar kula da magunguna ta NAFDAC, wasu kuma a zuba su a durum a cike shi da siminti kafin a binne.

Sai mutane. Duk mai taɓa shara a yi masa allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, a ba shi takalmin roba da safar hannu mai kauri. Haɗarin kamuwa da wannan ciwon daga sukar allura mai ɗauke da shi yana kai kashi 30 cikin 100, na ƙanjamau bai kai kashi 1 ba, amma maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Dole lebura ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ko da tsakar dare ne, ba tare da tsoron faɗa ba.

Rahoton ƙarshe ya ambaci sunan jami'in da ke riƙe da makullin ɗakin shara, da layin kasafin kuɗi na leda, kwali da mai. Bayan wata uku mashawarci ya dawo ba sanarwa, ya sake rataye sikeli, ya buɗe baƙaƙen ledoji ya ga ko da allura a ciki. Masu asibiti, kada ku biya shi cikon kuɗinsa sai bayan wannan ziyarar.