Darasin Kimiyya: Yadda Ake Gano Cutar Hapis ta Al'aura

Duk wanda ya tashi a bakin fadamar Rima, daga Argungu har Birnin Kebbi, ya san halin gaiwa. Idan ruwa ya janye da rani, sai ta nutse cikin taɓo ta lafe wata da watanni, ƙasa ta bushe a kanta, har mutum ya taka wurin bai san akwai mai rai a ƙarƙashinsa ba. Damina na sauka sai ta fito. A riƙe wannan misali, domin da shi za mu fahimci cutar da darasinmu ya shafa, da dalilin da ya sa gano ta yake bukatar lura da lokaci.

Mu fara da ma'ana. Hapis cuta ce da ƙwayar bairas ke haddasawa. Bairas halitta ce da ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum. Shi ya sa kafson da ake saya a kemis don kashe bakteriya ba ya yi mata komai. Bairas ɗin hapis iri biyu ce. Nau'i na 1 shi ne ya fi kawo ƙurajen nan masu ruwa da kan feso a leɓe bayan an sha zazzaɓi, kuma yawanci tun ana yara ake ɗaukarsa. Nau'i na 2 ya fi zama a al'aura, ta hanyar saduwa ake ɗaukarsa. Amma nau'i na 1 ma yana iya sauka a al'aura. A ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamban 2024, mutum miliyan 846 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da hapis ta al'aura, wato fiye da mutum ɗaya cikin biyar, kuma nau'i na 2 ya fi yawa a Afirka.

Yaya take aiki a jiki? Bairas ɗin tana shiga ta fata mai laushi ko ta ɗan tsagin da ido ba ya gani. Bayan kwana 2 zuwa 12, wasu sukan ga ƙuraje ƙanana masu ruwa sun fito a tattare, su fashe su zama gyambo mai raɗaɗi, wani lokaci da zazzaɓi da kaluluwa da zafin fitsari. Cikin mako biyu zuwa huɗu sai su warke. To a nan ne halin gaiwa yake bayyana: bairas ɗin ba ta mutu ba, ta bi jijiya ta je ta lafe a wani curin jijiyoyi da ke gindin ƙashin baya. Can za ta zauna iyakar rayuwar mutum. Idan jiki ya yi rauni saboda ciwo ko gajiya ko damuwa ko jinin al'ada, tana iya biyo jijiyar ta dawo fata. Mafi yawan masu ɗauke da ita kuwa ba su taɓa ganin alamar da za su gane ba, alhali wani lokaci suna iya yaɗa ta ko da babu ƙurji.

Matakin farko na ganowa shi ne tambaya da dubawa. Likita zai tambayi yaushe abin ya fara, ko ya taɓa fitowa a daidai wannan wuri, ko ana jin ƙaiƙayi ko tsikari kafin ya fito. Sai dai ido kaɗai yana yaudara. A wajenmu kusan duk abin da ya taɓa gaba sunansa "sanyi", alhali cututtuka ne daban-daban. Gyambon tunjere, misali, yawanci guda ɗaya ne mai tauri marar zafi, na hapis kuwa da yawa ne kuma da raɗaɗi, amma sau da yawa sukan yi kama. Saboda haka duk mai gyambo a al'aura ya kamata a yi masa gwajin tunjere da na ƙanjamau a lokaci guda.

Mataki na biyu shi ne kamo bairas ɗin kanta. Ma'aikacin lafiya zai sa safar hannu, ya fasa ƙurji ɗaya da allura mai tsabta, ya goga tsinken auduga a gindinsa da ɗan ƙarfi. Akwai zafi, amma na ɗan lokaci ne. Sai ya jefa tsinken cikin ƙaramar kwalba mai ruwan adanawa, a sa ta a sanyi a kai ɗakin gwaje-gwaje. Can za a yi gwajin PCR, wanda Kary Mullis na Amurka ya ƙirƙiro a 1983, gwajin da sunansa ya shiga bakin jama'a a 2020 lokacin korona. Hikimarsa ninkawa ce. Na'ura tana neman ɗan guntun ƙwayar gado ta bairas ɗin ta kwafe shi, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu. Manomin shinkafa ya lissafa: ƙwaya ɗaya idan aka ninka ta sau 30 a jere, ta haura biliyan ɗaya. Da haka abin da ya yi ƙanƙanta a gani yake yawaita har na'ura ta shaida shi, ta kuma faɗi ko nau'i na 1 ne ko na 2. Wannan bambanci yana da amfani, domin nau'i na 2 ya fi yawan dawowa.

Akwai tsofaffin hanyoyi biyu. Ɗaya ita ce renon bairas ɗin a ɗakin gwaji na wasu kwanaki. Ɗayar ita ce ta Arnault Tzanck, likitan Faransa, ta 1947, inda ake kankaro gindin ƙurji a duba da madubin likita. Tana da araha, amma takan kuskure da yawa, kuma ba ta bambance nau'i.

Sharaɗin duk waɗannan shi ne a zo da wuri, zai fi kyau cikin kwana biyun farko. A ce wata baiwar Allah a Argungu ta ga ƙuraje ranar Litinin, kunya ta hana ta magana, ta aika kemis, ta yi ta shiga ruwan bagaruwa, sai bayan kwana goma ta isa asibiti. Gyambon ya riga ya bushe, gaiwa ta koma taɓo. Ko an kai samfurin babban asibiti a Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, sakamako yana iya cewa babu, alhali akwai. Kuma ba ko'ina ake da na'urar PCR ba. Shi ya sa a ƙananan asibitoci ake bin tsarin ba da magani bisa alamu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi inda babu kayan gwaji.

Mataki na uku shi ne gwajin jini, kuma a nan aka fi samun rashin fahimta. Wannan gwaji ba bairas yake nema ba. Yana neman sinadaran kariya ne da garkuwar jiki ta ƙera don yaƙar ta, waɗanda ake kira IgG. Kamar mafarauci ne da bai ga dabba ba, sawunta ya gani. Jiki yana iya ɗaukar har mako 12 kafin sawun ya fito sosai, don haka wanda aka gwada mako ɗaya da kamuwa zai iya fitowa fes. Haka kuma idan lambar sakamakon ta haura iyaka da kaɗan, sau da yawa ƙarya ce, sai an tabbatar da wani gwajin. Idan jini ya nuna nau'i na 1, bai faɗi ko a leɓe yake ko a al'aura ba. Gwajin wani sinadarin kariya da ake kira IgM kuwa, wanda wasu ke ɗauka yana nuna sabon kamu, masana sun ce kada a dogara da shi. Saboda irin waɗannan kurakurai ne ba a shawartar a riƙa gwada jinin duk mai lafiya da ba shi da wata alama.

A ganina, abin da ya fi cancantar a nanata wa magidanta shi ne abin da takardar sakamako ba ta faɗa. Ba ta faɗin shekarar da aka kamu, ba ta faɗin wanda ya kawo. Ƙurjin da ya fito wa mace bana yana iya zama na bairas da ta lafe tun aurenta na fari, ko wadda mijin ke ɗauke da ita bai sani ba. Wanda ya yanke hukunci a kan matarsa da wannan takarda ya ɗora wa gwaji abin da bai ce ba.

Mene ne amfanin sani, tunda ba a raba mutum da ita? Magani irin asaikulobir yana rage raɗaɗi, ya gajarta kwanakin ciwo, kuma idan ana sha kullum bisa umarnin likita yana rage dawowarsa. Sannan mai nau'i na 2 ya fi wanda ba shi da shi haɗarin kamuwa da ƙanjamau kusan ninki uku, domin gyambo ƙofa ce a buɗe. Sai mai juna biyu. Jariri yana iya ɗaukar bairas ɗin wajen haihuwa, kuma tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Haɗarin ya fi girma idan uwar ta kamu a karon farko cikin watannin ƙarshe, kafin jikinta ya ƙera kariyar da zai ba ɗan. Mace da ta san tana da ita ta faɗa wa malamar awo tun zuwan farko. Akan fara ba ta magani daga mako na 36, kuma idan naƙuda ta zo da ƙuraje a gaba, likita yakan zaɓi a ciro jaririn ta tiyata.