Tun Maigida Yana da Rai: Jan Hankali ga Ƴan Kasuwa da Masu Garka

Mutanen Maraɗi ba sa bukatar a koya musu neman kuɗi. Tun zamanin cinikin gyaɗa, kafin farin 1973 ya durƙusar da shi, har zuwa fataucin kaya ta Ɗan Isa da Jibiya, alhazan garin nan sun yi suna a Nijar da Najeriya. Amma kowa ya duba unguwarsu: cikin manyan gidajen kasuwancin da aka sani a da, nawa ne har yau kantinsu ke buɗe a hannun jikoki?

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A wurinmu maigida shi ne littafin kansa. Shi kaɗai ya san wanda ya ɗauki kaya bashi ranar kasuwar Tibiri, da buhunan da ke ajiye a Katsina, da filin da ya saya da sunan yaronsa. Ranar da ta Allah ta kasance, masu bin sa bashi sukan iso tun kafin sadakar uku. Waɗanda yake bi kuwa su yi gaisuwa, su shafa fatiha, su wuce.

Saboda haka aikin farko shi ne rubutu, ko da boko ko da ajami: abin da ake bin ka, abin da kake bi, da kayan amanar da ke hannunka. Kuɗin cefane kuma a daina zarar su daga aljihun kanti ba lissafi.

Sai maganar lanho. Da yawa suna gudun yin rajistar kasuwanci da karɓar lambar NIF a ofishin haraji, wai kada a san su. To, wanda ba shi da lambar nan ba ya samun kwangilar gwamnati, kayansa kuma sai ya fitar da su a duwan da sunan wani. In wannan wanin ya rasu ko ya juya baya, da wace hujja za a kama shi? Ƙaramin ɗan kasuwa haraji dunƙulalle ake yanka masa, babba kuwa dole ya riƙe lissafi, ya karɓar wa gwamnati harajin TVA, wato 19 cikin 100. A adana kowace takardar biya, domin bashin haraji ba ya bin mutum kabari, a kan dukiyar marayu yake faɗawa. Zakka kuwa, ɗaya cikin arba'in, hakki ne dabam, biyan ɗaya ba ya ɗauke ɗayan.

Akwai wata dabara da ba a cika amfani da ita ba. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta, ta yarda ko mutum ɗaya ya kafa kamfani. In aka yi haka, magada hannun jari za su raba, kowa gwargwadon rabonsa, ba sai an sayar da mota da sito don a fitar wa kowa nasa ba.

Tsufa ma yana son tanadi. Ma'aikacin da aka yi wa rajista a CNSS, asusun fanshon ma'aikata, yana sa ran fansho in ya kai shekara 60, kuma yi wa ma'aikata rajistar wajibi ne a kan mai kamfani. Mai kanti da mai garka kuwa babu mai yanka musu komai a ƙarshen wata. Wanda ya ga karyewar sefa a 1994, ya ga rufe iyaka a 2019 da 2023, ya san bai kamata guzurin tsufa ya rataya ga sefa ko naira ko hanyar Katsina kaɗai ba. Gidan haya, ko gona, ko ƴan dabbobi, a ware su daga jarin yau da kullum.

Sai masu garka: a Jiratawa rigimar gado ta fi yawa a kan ƙasa, don mutane sun yi yawa, gonaki sun tsuke. A nan sai an bambance. Filin da ke cikin aikin noman rani na ONAHA yana da ƙa'idarsa da kuɗin ruwan da ake biya kowace kaka, don haka a tuntuɓi ƙungiyar manoma kafin a sa shi cikin lissafin gado. Gonar gado da garkar zogale a bakin Gulbi kuwa, dokar karkara ta 1993 ta kafa hukumomin filaye, waɗanda ake kira kofo, yanzu kuma akwai su tun daga ƙauye har gunduma. Suna ba da takardar shaidar saye, ko kyauta, ko aro, ko jingina.

A kula da gamana, wato ƴar gonar da maigida ya ba matarsa. Ta shekara ashirin tana noma ta, ta dasa itatuwa, amma ba a taɓa faɗa a gaban shaidu ko aro ce ko kyauta ba. Tana cikin takaba sai ta ji an jefa gonar cikin gandu. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya.

Tsarin rabo sananne ne: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya, sannan a raba. Wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yi wa magaji ita. Matan mamaci, in akwai ƴaƴa, tumuni ɗaya suke rabawa tsakaninsu, ko su huɗu ne. Ɗiya mace tana da rabin rabon ɗan'uwanta, har a gona, kuma cewa "ai tana gidan miji" ba ya soke shi. In an gama rabo a rubuta shi, a kai wa mai gari da kofo, a sa sunan kowane magaji da iyakokin gonarsa.