Yadda Makaho Ke Samun Hanya A Shafin Intanet

Da yake wataƙila wata rana a ba ni aji mai yaro makaho, makon jiya na rufe idona na kunna NVDA, watau manhajar da ke karanta wa makafi allon kwamfuta da murya. Wani makaho mutumin Ostareliya, Michael Curran, shi ya fara ta a 2006, kyauta kuwa ake samunta.

Mai ido duba ɗaya zai yi ya san inda kome yake. Makaho kuwa sai ya bi da kunne. Saboda haka maginin shafi yakan raba shi unguwa-unguwa: kai, jerin hanyoyi, ainihin magana, da gindi. In ka danna harafin D, sai manhajar ta tsallaka zuwa sashe na gaba, ta faɗi irinsa da sunan da aka raɗa masa.

To, ga inda na sha wuya. Wani shafi yana da jerin hanyoyi har uku, ba ko ɗaya mai suna. Muryar ta maimaita kalma guda sau uku, na rasa wanne ne na darussa, tilas na saurari kowanne daga fari. Wani sashen ma, don rashin suna, ko ambatonsa ba ta yi ba.