Taron 'Yan Kallo

Yara, kun taɓa ganin ƙato yana dukan ƙaramin yaro a kasuwa, mutane sun kewaye suna kallo? Me ya hana su raba? Ba kullum ne mugunta ke hana su ba.

A shekarar 1964, a birnin New York na ƙasar Amurka, wani mutum ya tare wata mace mai suna Kitty Genovese da dare, ya soke ta da wuƙa har ta mutu. Wata jarida ta ce mutum 38 sun shaida abin, ba wanda ya motsa. Daga baya aka gane an ƙara wa labarin gishiri, gama wata maƙwabciyarta ta fito ta rungume ta. Duk da haka labarin ya sa waɗansu malamai biyu, John Darley da Bibb Latané, suka shiga bincike.

A 1968 suka ba da labarin gwajin da suka yi. Sukan sa ɗalibi cikin ɗaki shi kaɗai, yana magana da waɗansu ta waya. Can sai ya ji kamar farfaɗiya ta kama ɗayansu. Idan ɗalibi yana tsammani shi kaɗai ya ji, 85 cikin 100 sun tashi neman taimako tun kafin muryar ta ɗauke. Idan kuwa yana tsammani akwai mutum huɗu da suka ji tare da shi, 31 kaɗai suka tashi.

Kun ga dalili na fari ke nan: kowa yana cewa wani zai yi. Akuyar mutum goma takan kwana da yunwa. Na biyu, kowa yana duban fuskar ɗan'uwansa. In ya ga ba wanda ya damu, sai ya ce wasa ne. Na uku tsoro, kada mai rabo ya sha duka.

Amma kada ku ɗebe ƙauna ga mutane. A 2019 waɗansu masana suka duba hotunan faɗa 219 da na'ura ta ɗauka a titunan Ingila da Holan da Afirka ta Kudu. A cikin kowane faɗa goma, an sami mai shiga tsakani a tara.

To, ku yara, ba a ce ku faɗa tsakanin masu sanduna ba. Ku yi kururuwa, ku ruga ku kirawo malam, ko mai unguwa, ko ɗan sanda. In kuwa kai ne cikin wahala, nuna mutum ɗaya ka ce, "Baba mai farar hula, taimake ni!" Wanda aka nuna da wuya ya kau da kai.

Tambayoyi
1. Me Darley da Latané suka gano?
2. Kawo dalilai uku da ke hana 'yan kallo taimako.
3. Me za ka yi in ka ga ana dukan wani?