Uwar Riƙo a Gidan Marayu

Jama'ar Madarunfa, riƙon ɗan wani ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun kaka da kakanni, in mace ta rasu ta bar goyo, inna ko gwaggo ke ɗauka. Ɗan fari ma, da iyayensa a raye, akan miƙa shi ga kaka saboda kara. Abin da ya zo sabo shi ne gidan da hukuma ko ƙungiya ke ginawa, a tara yaran da dangi suka gaza, a ɗauki mace aiki ta zauna da su dare da rana. Ya kamata mu san wannan aiki, don tun 2019 ƴan bindiga suka koro dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa jihar Maraɗi, a cikinsu har da yaran da suka rabu da iyayensu.

Wani mutumin Ostiriya, Hermann Gmeiner, shi ya shahara da wannan tsari. A 1949, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya bar marayu barkatai, ya kafa ƙauyen yara na SOS a garin Imst. Maimakon a jera yara a dogon ɗaki kamar bariki, sai ya raba su gida gida, kowane gida da uwa ɗaya da tukunyarta, kuma ba a raba wa da ƙane. A Nijar akwai irin waɗannan ƙauyuka a Yamai da Tawa da Doso.

To, don me dole uwar riƙo ta kwana a gidan? Don da dare ake gane yaro. Da rana kowa na iya ba shi fura ya yi masa wasa. Da dare ne wanda ya ga an ƙone garinsu yake firgita ya tashi da kuka, da dare ne ɗan shekara bakwai yake fitsarin kwance, yana tsoron gari ya waye a yi masa dariya. Uwar riƙo ta gari takan wanke tabarmar tun da asuba, ba wanda ya ji. Ga kuma damina, ga sauron bakin tafki. Wadda ta san yadda yaro yake cin tuwo ita ke fara lura ran da ya ture kwano, ta taɓa goshi ta ji zafi. In ya soma amai ko jijjiga, ba ta jiran safiya, sai likita. Mai zuwa da hantsi ta tashi da la'asar, ina za ta ga wannan?

Kada a ce wannan zancen tausayi ne kawai. A ƙasar Romaniya, da gwamnatin Ceaușescu ta faɗi a 1989, an tarar da gidaje cike da jarirai, ana ba su abinci amma ba mai goyonsu. Daga baya masana suka bi yara 136 na irin waɗannan gidaje a birnin Bukares, aka mai da rabinsu hannun masu riƙo. Waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu sun fi sauran kaifin basira da sabo da mutane. Ashe yawan sauya hannu ciwo ne ga yaro, ko da cikinsa a ƙoshe yake.

Ke kuma da kika karɓi aikin, ga abin kiyayewa. Ban da gori, ban da fifita mai farin jini. Ki kira yaro da sunansa, kada "maraya" ya zame masa laƙabi. Sunan ubansa na nan, don Musulunci ya yarda da riƙo amma bai yarda a sauya nasaba ba. Ki tabbata yana da takardar haihuwa daga ma'aikatar magajin gari, in ba haka ba ranar jarrabawa a lakwal za a sha wuya.

Masu gidajen marayu kuwa, nan ne kuka fi yin sake. Mace ɗaya da yara takwas, ba hutu, albashi sai an ga dama, ba za ta shekara biyu ba, in ta tafi kuma yaran sun sake yin maraici. A biya ta a kan kari, a ba ta mataimakiya wadda yaran suka saba da ita, ta samu ranakun ganin nata dangin.

Masu kai shinkafa da Salla a ɗauki hoto, Allah ya saka da alheri. Amma in kun je, ku tambayi shekara nawa uwar ɗakin ta yi a wurin, da kuma yaushe rabon da kawun yaro ko baffansa ya zo daga Gabi ko Ɗan Isa ya ɗauke shi ya kwana biyu cikin danginsa.