Sayen Laftop Ga Sabon Ɗalibin Injiniya: Abin Da Ya Kamata Gida Ya Duba

Da zarar sunan yaro ya fito cikin waɗanda aka ɗauka karatun injiniya, a ABU Zariya ne ko Jami'ar Bayero, ATBU Bauchi ko FUT Minna, abin da ke bin bayan kuɗin rajista shi ne maganar laftop. A nan ra'ayi ke rabuwa. Yaro na son mai fitilu ja da kore irin ta masu buga gem, mahaifi na duba aljihu, mai shago kuma yana da wadda yake son ta fita daga kanta. Karatun nan shekara biyar ne, kuma a bayan ɗalibi kwamfutar za ta yi su, daga ɗakin kwana zuwa aji, zuwa laburare, zuwa duk inda aka ji an kawo wuta. Don haka ku nemi wadda zai iya ɗauka kullum, wadda ke riƙe caji, wadda kuma za ta ja manhajojin sashensa ba tare da tana tsayawa ba.

1. Ku tambayi 'yan sashen kafin ku tambayi mai shago.
Injiniya fanni-fanni ce. Masu karatun gine-gine da hanyoyi suna aiki da AutoCAD da Revit da ETABS, masu ƙere-ƙeren injuna da SolidWorks da ANSYS, 'yan lantarki da MATLAB da Proteus, masu sinadarai kuwa da Aspen HYSYS. Ku sa yaron ya nemi ɗalibin aji huɗu ko biyar a sashensa ya tambaye shi abin da ake buɗewa a zahiri, domin amsar da zai bayar cikin minti biyar ta fi duk abin da ke rubuce a jikin kwali.

2. Idan kuɗi bai cika ba, ku jira zango ɗaya.
Aji ɗaya yawanci lissafi ne da fiziks da kemistiri, kuma a wurare da yawa zanen injiniya da fensir da allon zane ake fara shi. Gara yaro ya yi 'yan watanni yana lallaɓawa da waya da ɗakin kwamfutar makaranta, a kan a saya masa mai rauni yau, a sake neman kuɗin wata a aji uku.

3. Ku auna nauyinta tare da cajarta.
Mai allo inci 14, wadda nauyinta ke tsakanin kilo 1.3 da 1.7, ita ce daidai da ɗalibi. Kwamfutocin gem sukan haura kilo biyu, cajarsu kaɗai ta kai rabin kilo ko fiye, ga shi batirinsu ba ya jimawa idan aka cire su daga wuta. Ku sa yaron ya saka ta a jaka da caja da littafi biyu ya ɗan zaga da ita, ya tuna cewa tafiyar da zai riƙa yi a harabar ABU ta Samaru ko sabon matsugunin Bayero cikin rana ce. Na sha ganin mai nauyi ta koma zaman ɗaki, mai ita yana aron ta abokinsa a aji.

4. Amma kada siranta ta ɗauke muku hankali.
Waɗanda suka yi siriri ƙwarai, masu nauyin kilo ɗaya ko ƙasa da haka, sau da yawa an manne komai nasu a ciki, ba a ƙara musu komai, kuma ramukan sa filashi da wayar majigi sun yi musu kaɗan. Fankarsu ƙarama ce, to a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, kwamfutar da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ɗan kauri kaɗan da hanyar iska mai faɗi sun fi wa ɗalibin injiniya amfani.

5. RAM giga 16, wannan kam kada ku sassauta.
Shi ne ke ba kwamfuta damar riƙe zane da lissafi da shafukan intanet a buɗe lokaci guda, kuma masu SolidWorks da kansu giga 16 suke nema. Idan aljihu giga 8 ya kai, a fara da shi a cika 16 daga baya, amma ku sa a buɗe bayanta ku ga gurbin ƙari da idonku. ThinkPad T480 da EliteBook 840 G5 suna da gurbi biyu, ita kuwa ThinkPad X1 Carbon, duk da rashin nauyinta, nata a manne yake, yadda kuka saye ta haka za ta ƙare.

6. Ma'ajiyarta ta zama SSD.
Tsohon faifan ajiya mai juyawa yana da nawa, kuma jijjigar Adaidaita Sahu ko faɗuwa ɗaya daga kan benci na iya kashe shi da duk abin da ke ciki. Giga 512 ya wadatar, 256 ma za a iya farawa da shi a canza daga baya. Wadda aka rubuta mata eMMC mai giga 64 kuwa ku wuce ta, manhajar injiniya biyu ba za su zauna a cikinta ba.

7. Kada sunan i7 kaɗai ya sa ku biya.
A nan aka fi yi wa iyaye wayo, saboda kowa ya ji cewa i7 ta fi i5, alhali shekarun furosesa sun fi sunanta muhimmanci: i7-7500U ƙwayoyin aiki biyu gare ta, i5-8250U da ta biyo bayanta kuwa huɗu. Ku dubi lambar da ke bin ɗan layin da ke bayan i5 ko i7, 7 na nufin jenareshon na bakwai, 8 na takwas, 10 ko 11 na goma ko sha ɗaya, kuma kada ku sauka ƙasa da na takwas, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma daga na takwas ta fara karɓa a hukumance. Ryzen 5 ta kamfanin AMD, daga jerin 4000 zuwa sama, tana aiki sosai, amma Celeron da Pentium na buga wasiƙa ne da kallon bidiyo.

8. Ku tsaya a kan Windows.
MacBook ba ta da nauyi, batirinta kuma na daɗewa, amma SolidWorks da Revit da Proteus a kan Windows aka gina su, ɗalibi zai yi ta neman dabara a lokacin da 'yan ajinsa suka riga suka miƙa aiki. Chromebook ba ta cikin wannan lissafi ko kaɗan. Sababbin masu furosesar Snapdragon ma, ko da Windows ce a kansu, sai an tabbatar manhajar sashen na tafiya a kai kafin a saya.

9. Katin girafik na musamman ba dole ba ne a farko.
Zanen AutoCAD na shimfiɗe, da lissafin MATLAB, da ƙananan sassan inji a SolidWorks, duk katin da ke haɗe da furosesa yana ɗaukarsu. Buƙatar na musamman na tasowa ne a manyan ayyuka, kamar haɗa inji mai sassa ɗaruruwa ko gwajin gudanar iska da ruwa, waɗanda galibi sai aji huɗu ko aikin kammalawa. Idan lokacin ya zo, akwai kwamfutocin sashen, akwai kuma irin su Dell Precision da HP ZBook da za a iya musanya da su a yi ciko.

10. Ta hannu irin ta ofis ta fi sabuwa mai rauni.
ThinkPad jerin T, da Dell Latitude, da HP EliteBook, an ƙera su ne don ma'aikatan kamfanoni masu yawo da su kullum, shi ya sa gangar jikinsu da mahaɗin murfinsu ke jure wahala. Kayan gyaransu suna nan birjik a Titin Beirut na Kano, da Banex a Abuja, da kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, kuma kusan kowane mai gyara ya san cikinsu. Ni dai, da kuɗi ɗaya, na fi son ta hannu mai giga 16 da sabuwa fil mai Celeron, don sayen nagari mai da kuɗi gida ne.

11. Ku sa batir ya faɗi gaskiyarsa.
"Yana yin awa shida" magana ce ta baki, kuma a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama batir ya kai rabin darajar kwamfuta. Ku ce a buɗe wurin rubuta umarni na Windows a buga powercfg /batteryreport, zai fitar da rahoto mai ɗauke da lamba biyu, ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa yanzu. Idan na biyun ya gaza kashi 70 cikin ɗari na na farkon, ku nemi a rage muku kuɗin sabon batir. Daga nan ku cire caja, ku kunna bidiyo, ku zauna rabin awa kuna kallon yadda cajin ke sauka, kuma idan kun ga wurin shafa yatsa ya ɗago sama, batirin ya kumbura ke nan, kada ku ɗauka.

12. Ku fifita mai caji ta USB-C.
Cajarta ƙarama ce, mai wat 65 ta ishi yawancin masu inci 14, kuma ita ɗin za ta caja waya. Babban amfaninta shi ne fawa bank mai fitar da wat 65 zai iya ƙara mata awanni a daren jarrabawa, abin da fawa bank na waya zalla ba zai yi ba. Ku gwada a shagon, domin ba kowane ramin USB-C ne ke karɓar caji ba.

13. Ku gwada komai kafin kuɗi ya bar hannunku.
A danna kowane maɓalli, a sa filashi a kowane rami, a kunna kyamara da lasifika da Wi-Fi, a buɗe murfin a rufe a ji ko yana ƙara. A mai da allon fari tas sannan baƙi ƙirin don tabo ya bayyana, a kuma duba cewa 1920 da 1080 ne, saboda mai 1366 da 768 yana matse zane har ɗalibi ya rasa wurin aiki. Ku dubi jerin haruffan ma: wanda ya fara da AZERTY na Faransanci ne, ya dace da ɗalibin Yamai ko Maraɗi, amma zai wahalar da wanda ya saba da QWERTY.

14. Ku binciki makullin da ba a gani, ku kuma karɓi rasit.
Wasu na hannu suna zuwa da kalmar sirri a BIOS, wasu kuma har yanzu suna ɗaure da kamfanin da ya yi amfani da su a Turai ko Amurka. Ku sa a sake ɗora Windows a gabanku a haɗa ta da intanet, idan sunan wani kamfani ya fito yana neman a shiga da asusunsa, ku mayar. A rasit a rubuta lambar jikin kwamfutar da kwanakin garanti, kuma duk wadda aka kawo muku a bayan fage, ba caja ba takarda, da araha mai ban mamaki, ku bar ta, kada yaro ya fara karatu da zuwa ofishin 'yan sanda.

15. Ku rage wani abu don ƙananan kaya.
Maus mai ɗan gare a tsakiya dole ne, da shi ake juya zane da matso da shi, ba a yin wannan aiki da shafa yatsa. Sai jakar goyo mai soso a ciki, wadda ba ta yi kama da jakar kwamfuta ba, da soket mai kariya daga hawan wuta.

16. Manhaja ta halal tana nan, wasu ma kyauta.
Kamfanin Autodesk yana ba ɗalibai AutoCAD da Revit kyauta na shekara guda, ana sabuntawa muddin an nuna shaidar karatu. FreeCAD da KiCad da GNU Octave kyauta suke ga kowa, kuma Octave na karɓar mafi yawan abin da ɗan aji biyu zai rubuta a MATLAB. Waɗanda ake kwafowa daga filashi zuwa filashi, an fasa musu makulli, su ne babbar hanyar da cutar kwamfuta ke bi ta cinye aikin zango guda.

17. Ku koya masa tsare ta daga ƙura da zafi.
Kada a ɗora ta a kan katifa ko bargo tana aiki, ramukan iskar suna ƙasa, ko faranti ko babban littafi aka sa mata ya wadatar. Bayan kowane hunturu a kai ta wurin mai gyara ya buɗe ya share fankar, aikin ba tsada, yana kuma ƙara mata shekaru. Idan aka tada janareta ko aka dawo da wuta, a ɗan dakata ta daidaita kafin a sa caja.

18. Aiki ya kwana a wuri biyu, lambar kwamfuta ta kwana a gida.
Google Drive na ba da giga 15 kyauta, ya ishi rahotanni da zane-zane, kuma ɗalibin da ya saba tura aikinsa can duk mako ba zai yi kukan ɓatan aikin kammalawa ba ko da an sace kwamfutar. Ku ɗauki hoton rasit da lambar jikinta ku ajiye a gida, ya sa mata kalmar sirri, kuma ko masallaci zai je ko banɗaki, ya kulle ta a akwati ko ya damƙa ta ga wanda ya amince da shi. A ɗakunan kwanan ɗalibai, a irin wannan ɗan fita na minti biyar aka fi rasa kaya.

Ranar da za ku je kasuwa, ku rubuta abu biyar a takarda ku riƙe: inci 14, ƙasa da kilo 1.7, RAM giga 16, SSD, jenareshon na takwas zuwa sama. Ku tafi da yaron ko yarinyar da za ta yi aiki da ita, tare da wanda ya san kan kwamfuta, kuma ku je da safe don ku sami lokacin gwaji. Allah ya ba da sa'ar karatu.